Rediyona ya daina kama gajeren zango da kyau, ina mafita?

Ɗan Fansho, Funtuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sanin abin game da rediyon da nake sauraron labarai da shi. Rediyo ne mai zango uku, wato FM da matsakaicin zango da gajeren zango, kuma ya daɗe a hannuna bai taɓa ba ni matsala ba. Tun wajen ƙarshen damina ya canza hali: tashoshin FM na kusa suna fitowa sarai kamar da, amma da zarar na koma gajeren zango don in saurari Sashen Hausa na BBC, musamman shirin dare, sai wata ƙara irin ta injin markaɗe ta danne muryar mai gabatarwa, har sai na kara kunnena a jikin lasifika kafin in tsinci abin da ake faɗa. Rediyon Tarayya na Kaduna ma a matsakaicin zango haka yake yi mini, alhali Funtuwa ba ta da nisan da za a ce Kaduna ta gagara. Na sa sabon batir, na zare eriyar har ƙarshenta, babu abin da ya sauya. Shin rediyon ne ya tsufa in nemi wani, ko kuwa tashoshin ne suka rage ƙarfi?

Baban Yara, Azare

Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganin wannan tsohon abu ne, kuma ba ya cin kuɗi. Ka samo doguwar wayar jan ƙarfe, ko da wadda aka warware daga tsohon kwayil ce, ka ɗaure bakinta ɗaya a kan eriyar rediyon, ka fitar da ita ta taga, ka kai ɗaya bakin can saman bishiyar darbejiya ko kan doguwar gora. Haka muka ga iyayenmu suna yi a ƙauye, kuma da wannan dabarar suke kamo Landan da Jamus da Amurka ba tare da wata wahala ba. Iya tsawon wayar, iya ƙarfin tashar.

Mai Gyara, Sabon Garin Kano

Alhaji, kafin ka sayi waya ko sabon rediyo, ina roƙon ka yi wani ɗan gwaji wanda ba zai ci maka ko sisi ba. Idan lokacin shirin ya yi, ka kunna rediyon da batir zalla, kada ka jona shi da wuta, ka kamo tashar duk da ƙarar, sannan ka fita da shi tsakar gida, daga nan ka wuce ƙofar gida, ka ci gaba da tafiya har ka yi nisa da gine-gine da wayoyin wuta. Idan ka ji ƙarar tana raguwa yayin da kake nisa da gidan, to rediyonka lafiyarsa ƙalau, tashar ma tana nan da ƙarfinta, abin da ke damun ka yana cikin gidanka ne ko gidan maƙwabta.

Da girmamawa ga Baba na Azare, ban goyi bayan a fara da doguwar waya ba, domin akwai bambanci tsakanin tashar da ta yi rauni da tashar da ƙara ta danne. Idan tasha ta yi rauni, za ka ji muryar can ƙasa cikin shuuu mai laushi, kuma ƙarin waya yana taimakawa. Idan kuwa ƙara ce mai kaushi irin wadda Alhaji ya kwatanta, wayar za ta kwaso tashar ta kuma kwaso ƙarar tare, sai ka ga an tashi babu riba. Tambayata gare ka, Alhaji, ita ce: wane sabon kayan wuta ne ya shigo gidan a daidai lokacin da matsalar ta fara?

Ɗan Fansho, Funtuwa

Malam Mai Gyara, tambayarka ta sa ni tunani. A daidai wannan lokacin ne ɗana ya sa mana sola a gidan, da batura biyu da inbata, aka kuma cire tsofaffin ƙwayayen fitila aka sa waɗannan farare masu cin wuta kaɗan. Inbatar tana ɗakin da ke manne da nawa, bango ɗaya ne tsakaninmu. Sai dai abin da ban gane ba shi ne, idan har su ne ke haddasa ƙarar, me ya sa FM take fita garau a rediyo ɗaya, a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya?

Malamin Kimiyya, Zariya

Baba, wannan tambayar ita ce zuciyar maganar, kuma amsarta tana cikin yadda ake ɗora murya a kan igiyar rediyo. A matsakaicin zango da gajeren zango, ana ɗora muryar ne a kan ƙarfin igiyar, wato igiyar tana kumbura tana raguwa daidai da sautin mai magana, shi kuma rediyo yana bin wannan hawa da saukar ya mayar da su murya. Saboda haka duk wani tartsatsin lantarki da ya ƙara wa igiyar ƙarfi ba zato, rediyon ba shi da hanyar bambance shi da magana, sai ya fitar da shi a lasifika. A FM kuwa ƙarfin igiyar ba ya canzawa, saurin kaɗawarta ne yake ɗan sauyawa daidai da sautin, don haka rediyon yana iya watsar da yawancin tartsatsin matuƙar tashar tana da ƙarfi.

Dalili na biyu shi ne inda ƙarar take zama. Inbata da cajar waya da ƙwan fitila na zamani da akwatin da ke daidaita cajin sola duk aiki iri ɗaya suke yi a cikinsu: suna yanke wuta suna mayar da ita sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Wannan yankewar tana haifar da ƙananan igiyoyin rediyo, wayoyin gidan kuma su zame musu eriya su baza su ko'ina. Ƙarfin wannan ƙarar ya fi yawa a ƙasan ma'aunin saurin kaɗawar igiya, inda matsakaicin zango yake, wato daga wajen kilohaz 530 zuwa 1600, da kuma inda gajeren zango yake, daga wajen megahaz 3 zuwa 30 (megahaz ɗaya kilohaz dubu ne). Ita FM tana can sama, tsakanin megahaz 87.5 da 108, inda yawancin ƙarar ta riga ta yi sanyi kafin ta kai. Ka ga kenan fitar FM garau ba ta wanke inbatar ba, ita ce ma shaidar da ta fi nuna ta.

A ƙara da cewa tashar FM tana kusa da kai, shirin BBC kuwa daga nesa ƙwarai yake zuwa. Ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake harbo shi zuwa Afirka ta Yamma shi ne tsibirin Asenshin da ke tsakiyar tekun Atlantika, kuma kafin ya iso Funtuwa sai ya tashi sama ya daki wani ɓangare na sararin samaniya ya dawo ƙasa. Abin da ke isowa eriyarka ɗan mitsitsi ne, don haka inbatar da ke bayan bango ba ta buƙatar wani ƙarfi kafin ta rufe shi.

Baban Yara, Azare

Na ji bayanin Malam, kuma ban musa ba, amma a ganina ya ƙarfafa maganata ne maimakon ya rushe ta. Idan ƙarar a cikin gida take, ai wayar da na ce a kai saman bishiya ta fita daga cikin gidan kenan, ta je inda iska take da tsabta. Ni dai a nan Azare da wayata nake sauraro, kuma ko maƙwabcina ya tayar da janareta ina jin labaraina.

Mai Gyara, Sabon Garin Kano

Baba, a wannan gaɓar kana da gaskiya, amma da sharuɗɗa, kuma rashin kiyaye sharuɗɗan ne yake kawo mini rediyoyi shago. Na farko, wayar za ta amfane ka ne idan mafi yawan tsawonta yana nesa da wayoyin gidan. Idan ta bi jikin bango kusa da wayar da ta sauko daga faifan sola, ko ta ratsa ta saman rufin kwano tana gogarsa, to ƙarar ka ƙaro wa kanka. Na biyu, maganar cewa iya tsawo iya ƙarfi ba ta zauna ba a kan ƙananan rediyon hannu, domin an ƙera su ne daidai da gajeriyar eriyar da ke jikinsu. Idan ka ɗura musu waya mai tsawon gaske sai su ƙoshi fiye da ƙima, ka ji tashoshi biyu ko uku sun hau kan juna, har wata tashar matsakaicin zango ta riƙa fitowa a inda ba wurinta ba. Mita biyar zuwa goma ta ishi irin waɗannan. Ni abin da nake ba mutane shawara shi ne kada su ɗaure tsirarar waya a kan eriyar, su bar rigar robar a jikinta, su naɗa ta zagaye biyar ko shida a kan eriyar rediyon. Tashar za ta shiga ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, kuma idan ta yi yawa sai a rage zagayen.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Kada waya ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar wutar gari, kuma kada a ɗaure ta a jikin falwaya ko da an ɗauke wuta, domin ba a sanar da kowa lokacin da za a dawo da ita. Da damina kuma, da zarar hadari ya haɗo a cire wayar daga jikin rediyo a jefa bakinta waje, kada a jira sai an fara tsawa. A wurin ɗaurewa a bishiya, a sa igiyar leda ko guntun roba tsakanin wayar da reshen, a kuma bar mata ɗan sassauci saboda iska.

Uwargida, Maraɗi

Sallama gare ku baki ɗaya. Ina biye da wannan muhawara, kuma tawa matsalar kishiyar ta Alhaji ce. Mu unguwarmu tana bayan gari, ɗakina kuma rufin kwano ne. FM ce take ba ni wahala: idan na ajiye rediyon a kan kabad sai ya yi ta shuuu, idan na kama eriyar da hannuna sai muryar ta fito tas, ina saki kuma ta koma yadda take. Ba zai yiwu in bar girki in tsaya riƙe da eriya ba. Ban da wannan, akwai shirye-shiryen ƙasashen waje da muke ji a FM a da, yanzu ko na murɗa har ƙarshe ba na samun su. Shin wannan ma daga rediyon ne?

Malamin Kimiyya, Zariya

Hajiya, abin da ke faruwa idan kin kama eriyar shi ne jikinki yana zama ƙarin eriya, wannan kuma yana nuna cewa tashar tana isowa, ƙaramin taimako kawai take nema. Igiyar FM ba ta hawa sama ta dawo yadda gajeren zango yake yi, kusan miƙe take tafiya daga hasumiyar gidan rediyo zuwa gidanki, don haka tudu da dogon gini da rufin kwano duk suna tare ta ko su karkatar da ita. Abu mafi sauƙi shi ne ki mayar da rediyon bakin tagar da ke fuskantar cikin gari, inda hasumiyar take, ki ɗaga shi sama gwargwadon iko, sannan ki gwada kwantar da eriyar da karkatar da ita gefe-gefe maimakon barinta a tsaye kullum. Wani lokacin matsar da rediyo da taku ɗaya kacal yana canza komai, domin igiyar da ta zo kai-tsaye da wadda ta daki kwano ta dawo suna haɗuwa ne su ƙarfafa juna a wani wuri, su kashe juna a wani wurin. Idan rediyon yana da maɓallin da ke zaɓa tsakanin sitiriyo da mono, ki mayar da shi mono, shuuu ɗin zai ragu sosai.

Idan duk wannan bai wadatar ba, yaro mai hankali zai iya haɗa miki eriyar waje. Tsawon igiyar FM kusan mita uku ne, don haka ana yanka waya biyu kowace santimita 75, a miƙe su a jikin sanda ɗaya tana kallon dama ɗaya hagu, a bar ɗan tsakani a tsakiya, a jona su da irin wayar eriyar talabijin, a ɗaga sandar ta wuce saman kwanon. A nan tsawon yana da ma'auni, ƙara shi ba ya ƙara komai.

Game da tambayarki ta biyu, ba kowane shiru ne laifin rediyo ba. Hukumomin Nijar sun dakatar da watsa shirye-shiryen RFI, wato gidan rediyon Faransa, a cikin ƙasar a watan Agustan 2023, sannan a watan Disamban 2024 suka dakatar da na BBC na tsawon wata uku. Shirin da ake karɓowa daga waje a sake watsa shi ta tashar FM ta cikin gari, idan aka tsayar da shi babu eriyar da za ta dawo da shi.

Ɗalibi, Sakkwato

Iyayena, ku yi mini afuwa, amma ina ganin wahalar ta yi yawa. Duk waɗannan tashoshin suna da shafuka a intanet, ana kuma iya sauraronsu a waya ba tare da ƙara ko ɗaya ba. Me zai hana Baba ya ajiye rediyon ya koma waya?

Ɗan Fansho, Funtuwa

Ɗana, shawararka tana da kyau ga mai kuɗin data kullum da kuma wanda layin garinsu ba ya yankewa. A watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, Funtuwa tana cikinsu, kuma a wancan lokacin rediyo ne kaɗai yake gaya mana halin da duniya take ciki. Don haka ba zan ajiye shi ba.

Malam Mai Gyara, na yi gwajin da ka ce. Tun kafin in kai ƙofar gida ƙarar ta ragu, da na isa filin da ke bayan masallaci kuwa sai ga muryar ta fito kamar da. Da na dawo na sa aka kashe inbatar, ƙarar ta faɗi ƙwarai amma ba ta ɗauke duka ba. To yanzu ga inda gizo ke saƙar: shirin dare yana zuwa ne daidai lokacin da iyali suke buƙatar haske da fanka, ba zan sa gida cikin duhu don in ji labarai ba, kuma shekaruna sun wuce in riƙa zaman fili da dare.

Mai Gyara, Sabon Garin Kano

Alhamdu lillahi, an gano ɓarawon, saura abokan aikinsa. Ragowar ƙarar da ka ji bayan an kashe inbatar tana nuna akwai wani abin da ke aiki da batir kai-tsaye, ko kuma daga maƙwabta take shigowa. Rediyon da kansa shi ne na'urar bincikenka, Alhaji. Ka mayar da shi matsakaicin zango, ka ajiye allurar a inda babu tasha, ka riƙa kusantar da shi ga kowane ƙwan fitila da kowace caja da akwatin cajin sola da fitila mai caji ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da laifi zai sa rediyon ya yi kururuwa tun kafin ka taɓa shi. A aikina na sha ganin gida mai ƙwayaye da yawa amma ɗaya ko biyu ne kawai masu ƙarar, sauran shiru, domin wasu masu ƙera na araha suna cire 'yan kayan da ke tace ƙarar don su rage kuɗi. Canza ƙwai ɗaya ya fi sayen rediyo sauƙi. Cajar waya kuma, ko babu waya a jikinta, matuƙar tana cikin soket tana iya yin ƙara, don haka a zare ta.

Ita inbatar, tunda ba za a kashe ta ba, nisa ne babban magani, domin ƙarar tana raguwa da sauri idan aka matsa. Ka koma sauraro a ɗakin da ya fi nisa da ita ko a zaure, ka kuma nisanci bangon da wayoyi suka bi ta cikinsa. Ka ci gaba da amfani da batir, kada ka jona rediyon da wutar inbatar, domin ta cikin wayar ƙarar take shiga kai-tsaye. Idan kuma rediyon mai caji ne, kada ka saurara yana kan caji. Ka sa wanda ya haɗa solar ya dawo ya duba abu uku: ya gajarta wayoyin da ke tsakanin batura da inbata, ya haɗa wayar ja da baƙa su tafi manne da juna ko a murɗe maimakon kowace ta kama hanyarta, ya kuma tabbatar an jona jikin inbatar da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Akwai kuma wani baƙin zobe mai kama da gawayi, irin kumburin nan da ake gani a jikin wayar tsohuwar kwamfuta, wanda idan aka zagaya wayar da ke fita daga inbata ta cikinsa yana rage ƙarar. Masu sayar da kayan gyara suna da shi.

Game da Kaduna a kilohaz 594, ka daina wahalar da eriyar da ake zarewa, domin ba ta aiki a matsakaicin zango. Eriyar wannan zangon wata baƙar sanda ce da aka naɗe da siririyar waya, tana kwance a cikin rediyon daga dama zuwa hagu. Rediyon gaba ɗaya za ka riƙa juyawa a hankali a kan tebur. Tashar ta fi ƙarfi idan fuskar rediyon ko bayansa yana kallon garin da take, ta fi rauni idan gefensa ne ke nuna can. Wannan raunin ma yana da amfani, domin kana iya juya rediyon har gefensa ya nuna inbatar, ƙarar ta faɗi, tashar kuma ta ci gaba da fitowa.

Baban Yara, Azare

Duk na yarda da wannan, amma kada a manta da yanayi. Alhaji ya ce matsalar ta fara ne a ƙarshen damina, mu kuma mun san cewa idan hunturu ya shigo hazo yana toshe tashoshi. Ko babu sola, rediyo ba ya kamawa da hunturu yadda yake kamawa da bazara.

Malamin Kimiyya, Zariya

Baba, abin da ka lura da shi gaskiya ne, amma ina ganin ba hazo ne ya kamata a ɗora wa laifin ba. Ƙurar hunturu ba ta da kaurin da za ta tare igiyar gajeren zango. Abin da take yi shi ne, idan busasshiyar iska mai ƙura tana gogar doguwar waya irin taka, wayar tana tara caji, sai ka riƙa jin ƙas-ƙas a lasifika, wani lokacin har ta ɗan ja ka idan ka taɓa. Wannan ma wani dalili ne na naɗa wayar da rigarta kamar yadda Mai Gyara ya ce, domin cajin yana iya ƙona ƙaramin taransistan da ke bakin eriyar.

Babban abin da ke canzawa a wannan lokacin shi ne jadawalin tashoshin. Gidajen rediyon duniya masu watsa shiri a gajeren zango suna sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta watan Maris da Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, kuma ta biyun tana faɗowa ne daidai shigowar hunturu. Mutum zai bar allurarsa a inda ya saba, ya ji shiru ko ya ji wani harshe, sai ya ce hazo ne, alhali tashar ta koma wata mita. Suna sanarwa a ƙarshen shiri idan lokacin ya gabato, don haka yana da kyau a ajiye biro kusa.

Dalilin sauyin kuwa shi ne ɓangaren sararin samaniyar da ke dawo da igiyar, hasken rana ne yake gina shi, don haka halinsa da rana daban, da dare daban, kuma yana bin lokutan shekara, har ma da wani zagaye na kimanin shekara 11 da ita ranar kanta take yi. A taƙaice, da rana mita 13 da 16 da 19 sun fi tafiya nesa, da dare da asuba kuma mita 31 da 41 da 49 sun fi kyau, mita 25 tana tsakani. Shi ya sa ake watsa shiri ɗaya a mitoci biyu ko uku a lokaci guda, kuma wanda ya san dukansu idan ɗaya ta lalace sai ya koma ɗaya. Wannan zai taimaki Alhaji musamman, domin ƙarar inbata ba ta cika zama daidai a kowace mita ba, sau da yawa ta fi sauƙi a mitoci masu ƙaramar lamba, domin su ne suke sama a ma'aunin megahaz. Hawa da saukar da murya take yi a hankali kuwa, ta tafi ta dawo, daga sama yake, babu gyaran da za a yi wa rediyo ya hana shi. Akwai kuma sauyin da ya fi ƙarfin mai sauraro: tashar da gidan rediyon Jamus, Deutsche Welle, yake amfani da ita a Kigali wajen harbo shirye-shirye zuwa Afirka an rufe ta a 2015, don haka wanda yake kwatanta kamun yau da na shekarun baya ya sa wannan a lissafi.

Uwargida, Maraɗi

Na gode, Malam. Na mayar da rediyon taga na kwantar da eriyar, yanzu ina jin sa har madafa. Saura abu ɗaya: idan na murɗa wajen ƙara murya yana yin ƙarar-ƙarar, wani lokacin muryar ta ɗauke sai na ɗan bubbuga shi. Maigidana ya ce a ɗiga masa kananzir ko man keke.

Mai Gyara, Sabon Garin Kano

Hajiya, ki ba Maigida haƙuri, kada a sa ko ɗaya. Mai yana kama ƙura ya zama laka a ciki, kananzir kuma yana iya cin roba. Wannan ba matsalar kamun tasha ba ce, ƙura ce ta shiga cikin abin murɗawar, kuma da hunturu aikin da ya fi yawa a shagona kenan. A cire batir, a ɗiga sifirit kaɗan ko a fesa maganin wanke kayan lantarki a gindin abin murɗawar, a yi ta juya shi dama da hagu, a bar shi ya bushe kafin a kunna. Haka za a yi wa maɓallin da ke sauya zango, domin idan ya yi datti yana rage ƙarfin tasha har mutum ya zaci eriya ce. A duba ƙaramin sukurun da ke gindin eriyar a ɗaure shi idan ya saki, a kuma kankare tsatsa ko farin garin da tsohon batir ya bari a kan sifirin.

Abin da nake roƙon kowa shi ne, idan an buɗe bayan rediyo, za a ga wasu ƙananan gwangwanaye masu murabba'i da kan sukuru mai launi, ja ko rawaya ko baƙi. Kada a taɓa su. A masana'anta aka daidaita su da na'ura, kuma rediyon da aka murɗe masa su ya fi wanda ya faɗi ƙasa wahalar gyara. Batir kuma idan ya yi sanyi, gajeren zango ne yake fara nunawa, tashar ta riƙa zamewa daga inda aka ajiye ta tun muryar FM tana da ƙarfi. Shanya shi a rana ba ya mayar masa da abin da ya ƙare, ɗan farfaɗowa ne na lokaci kaɗan, kuma zafin yana sa shi yoyo a cikin rediyo.

Mai Shago, Zangon Kumasi

Ina gaishe da dattawa. Mu a nan gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da talabijin da caja da fitilunsa, don haka ba ni da ikon kashe kayan kowa, ba ni da bishiyar da zan ɗaura waya. Shin sayen rediyo mai tsada zai fitar da ni?

Mai Gyara, Sabon Garin Kano

Ɗan'uwa, rediyo mai tsada ya fi iya raba tasha da maƙwabciyarta, kuma mai nuna lamba yana sauƙaƙa maka komawa daidai mitar da aka sanar, amma ƙarar da ke cikin ɗakin shi ma zai ji ta, wataƙila ma fiye da mai araha tunda kunnensa ya fi kaifi. Kafin ka kashe kuɗi, ka zagaya gidan da rediyon da ke hannunka a lokacin shirin, ka nemi kusurwar da ta fi shiru, wadda galibi takan kasance bakin taga ta waje ko baranda, nesa da inda mitocin wuta suke a jere. Ka gwada rage tsawon eriyar zuwa rabi, kuma idan akwai maɓallin da aka rubuta DX da LOCAL a jikinsa, wato tashar nesa da tashar kusa, ka gwada duka biyun, domin a wuri irin naku rage abin da ke shiga yakan sa muryar ta fi fitowa. Shirin asuba zai fi maka sauƙi a kan na dare, saboda a lokacin yawancin talabijin ɗin gidan a kashe suke. Idan ka yanke shawarar saye, ka tafi da sharaɗin cewa za ka gwada shi a ɗakinka a lokacin shirin, domin gwajin da aka yi a tsakiyar kasuwa ba ya nuna komai game da gidanku.